Jirgin Betina Ya Tafi da Hankalina

Barba Dujam, dattijon masu jirgi, barka da aiki. Don girman Allah ka taimake ni kafin Lahadi, domin in ba a samu mai riƙe ni ba, ina gab da sayen jirgin ruwa, kuma ban tabbata shi ne ya dace da ni ba. Ka yi haƙuri in ka ga zancena yana tsalle-tsalle.

Ni mace ce, na ɗan haura sittin. Rayuwata duk a bayan sitiyarin bas na yi ta, ina jigilar mutane tsakanin Shibenik da garuruwan bakin teku. Ka san hanyar: dutse a wannan hannu, ruwa a wancan. Shekara da shekaru ina tuƙi ina satar kallon jiragen nan masu tafiya da iska, filafilansu farare fat a buɗe, suna tafiya abinsu, babu mai danna musu hon, babu mai tambayarsu dalilin da ya sa suka makara. Ban taɓa gaya wa kowa ina sha'awarsu ba, don na san dariya za a yi mini.

Bara da na ajiye aiki, ƙawata Ljerka, wadda ke koyar da tuƙin irin waɗannan jirage a ƙungiyar garinmu, ta ja ni da ƙarfin tsiya. Ta ce, "Ke dai zo ki zauna ki riƙe igiya, in kin yi amai ni zan wanke." Ban yi amai ba. Da muka fita daga mashigi ta kashe inji, sai duniya ta yi tsit. Barba, ni da kunnuwana suka saba da gurnanin dizal! Iska ta cika ƙyallen filafilin, jirgin ya ɗan kishingiɗa gefe guda, ya kama gudu, ba ka jin komai sai ruwa yana shafar jikinsa. Ljerka ta miƙo mini sandar juya jirgin ta ce, "Ungo, ai ke direba ce." Na riƙe, na ji abin yana amsa mini kamar mai rai. Sai na ƙyalƙyale da dariya ni kaɗai, har hawaye. Tun daga ranar ban dawo daidai ba. Na zauna jarrabawa tare da samari sa'o'in 'ya'yana, na ci, na karɓi izinin tuƙi. Yanzu ko shanya nake yi sai na tsaya na duba ta ina iska ke kaɗa zanen gado.

Mijina sunansa Vjeko. Mai aski ne, ya rufe shago bayan aikin zuciya da aka yi masa. Ya warke, mun gode Allah, sai dai likita ya hana shi ɗaukar kaya mai nauyi. Mutum ne mai barkwanci, kuma shi ne mai girkin gidanmu tun ina aiki. In ya ɗora brudet, wato romon kifi irin namu, ƙamshin kifin sai ya fito da maƙwabta kan baranda. Shi ya fara cewa mu sayi namu jirgin. Muna da kuɗin sallamata, ga kuma ɗan abin da muka samu da na sayar da gonar zaitun da babana ya bar mini. Abin da muke da shi ke nan, kuma sau ɗaya za mu iya kashe shi.

To ga inda matsalar take. Makonni kaɗan da suka wuce muka je garin Betina, wai kallo kawai. Can na gan shi. Jirgin katako ne, mita goma sha biyu, jikinsa yana sheƙi kamar an zuba masa zuma. Ciki kuwa ƙamshin katako da kwalta, ga teburi na gaske, ga wurin kwanan mutum shida, ga murhu har da tanda. Vjeko ya miƙe tsaye a wurin girkin, kansa bai taɓa rufi ba, ya buɗe tandar ya rufe, ya sake buɗewa, ya dube ni ya ce, "Nan ai har burodi na gasa." Mai jirgin wani dattijo ne, Barba Jerko. Sunan marigayiyar matarsa ya sa wa jirgin, Nediljka. 'Ya'yansa duk sun tafi Jamus, shi kuma gwiwa ta fara ba shi matsala. Yana magana yana shafa katakon. Ya ce mini, "Shora, uwargida, ba na son in sayar wa wanda zai mai da shi otal. Ke na ga idonki." Ka ji fa! Amma ya ƙara da cewa akwai wani mutumin Austriya da zai zo ranar Lahadi da kuɗi a hannu, shi kuma ba zai iya jira har abada ba. In na sayi wannan jirgi, abin da zai rage mana bai taka kara ya karya ba.

Akwai kuma wani jirgin a garin Vodice, Ljerka ce ta samo shi. Na roba ne, mita takwas, launinsa kamar tsohon firji, cikinsa yana warin dizal da jiƙaƙƙen bargo. Vjeko yana shiga ya buga goshi, yana fitowa ya buga ƙeya. Ya ce wanda ya ƙera shi bai taɓa ganin mutum a tsaye ba. Bayan gidan kuwa labule ne kawai ya raba shi da inda ake cin abinci. Ljerka ta ce, "Mummuna ne, na yarda, amma ko da hannu ɗaya kya tuƙa shi, ɗaya hannun yana riƙe da kofi." Kuɗinsa bai kai rabin na wancan ba. Na zagaya shi, na yi ƙoƙari in so shi, zuciyata ta ƙi.

Tun da labari ya fita kuwa, kowa ya zama gwanin jirgi. 'Yarmu Nives da ke Zagreb ta bugo waya tana ihu, "Mama, babban, babban! A watan Agusta duk mu zo da yara." Har ta raba wa yaran gadaje. Ƙanena Krsto ya zo ya zauna ya cinye mana cuku, ya ce in sayi babban in riƙa bai wa masu yawon buɗe ido haya lokacin zafi, jirgi ya ciyar da kansa, shi kuma zai kula da harkar. Krsto fa, wanda ko keke aka ba shi aro sai ya dawo da shi ba birki. Shi kuwa Vjeko buƙatarsa ba ta da yawa: wurin da zai tsaya ya yi girki, bayan gida mai ƙofa, mu je tsibirin Zlarin ko Kaprije da ke nan kusa mu ci abincin rana, ya yi wanka a teku, mu dawo da wuri ya samu abokan kartarsa.

Ni fa? Abin da ban gaya wa ko ɗaya daga cikinsu ba ke nan, kai nake fara gaya wa. Ni ba abincin rana a Zlarin nake mafarki ba. So nake in yi nisa. In je Vis, in wuce Lastovo, in gangara kudu har tsibiran Girka, in yi makonni ban ga hanyar mota ba. So nake in tashi da safe ban san sunan tsibirin da ke gabana ba sai na duba taswira. In na tuna wannan sai in ji kamar in tashi sama. Kuma a raina, irin wannan tafiya da Nediljka ta dace, ba da tsohon firji ba.

Sai dai ranar da Barba Jerko ya fita da mu gwaji, abu biyu sun faru da suka tsaya mini a rai. Na farko, na ce a bar ni in ɗaga babban ƙyallen da kaina. Na ja igiya, na ja, ya kai rabi, hannuwana suka mutu. Sai da dattijon ya sa hannu muka ƙarasa, ya yi kamar bai lura ba. Na biyu, muna tsakiyar ruwa jugo, iskar kudu, ta taso, igiyar ruwa ta fara girma. Ni daɗi ya kama ni, jirgin yana keta ruwa kamar ba komai. Da na waiwaya sai na ga Vjeko ya yi shiru, fuskarsa ta yi fari, ya ƙanƙame ƙarfen gefe da hannu biyu. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa! Na tambaye shi, ya ce kifin jiya ne. Ban san ko ciki ne, ko tsoro, ko zuciyar ba.

A hanyar komawa gida ina tuƙi, sai ya ce, "In shi kike so, ki saya. Na yi shekaru ina jiran ki dawo daga hanya, abinci yana hucewa a kan murhu. Yanzu ko dai in bi ki, ko in ci gaba da jira. Ni kuwa jiran ya ishe ni." Barba, sai da na gangara gefen titi na tsaya, don idona ya cika.

Af, na kusa mantawa. Na je tashar garinmu na tambayi wurin ɗaure jirgi. Suka ce na mita goma sha biyu sai dai in shiga layi, kuma layin ba ya motsi sosai. Ƙaramin kuwa zai shiga wurin wani ɗan uwan Vjeko da ya sayar da nasa kwale-kwalen. Ljerka ta ce wannan kaɗai ya isa amsa. Ni kuwa na ce wurin ɗaurewa ai a samu, amma Nediljka guda ɗaya ne a duniya.

Ka gaya mini gaskiya. Haukar tsufa ce ta kama ni? In bi zuciyata in kira Barba Jerko, ko in haƙura da mummunan? Ina tsoron in sayi babban ya fi ƙarfina, ina kuma tsoron in sayi ƙaramin in riƙa kallonsa ina jin haushi har ƙarshen raina.

Taka,
Mai Ɗokin Teku, Shibenik

*

Shora Mai Ɗokin Teku,

Ba hauka ba ce. Na karanta wasiƙarki ina murmushi, domin wanda ya fashe da dariya a ranar da aka fara kashe masa inji a tsakiyar ruwa, teku ta riga ta karɓe shi. Shekarunki ma ba su dame ni ba. Na san waɗanda suka girme ki suna fita su kaɗai. Ki sayi jirgi, wannan na goyi bayanki ɗari bisa ɗari. Amma kada ki saya ranar Lahadi.

Kowa a gidanku yana amsa tambayar wane jirgi, alhali ba a amsa ta gaba da ita ba: jirgin na mene ne, kuma wa zai kasance a ciki? Ki cire watan Agusta daga lissafi. Ki ɗauki wata Talata a watan Oktoba, yara suna makaranta, baƙi sun watse. Wa ke cikin jirgin? Ke da Vjeko. Domin ku biyun za ki saya. Nives da yaranta in sun zo, ku haɗu ku ɗauki hayar babba na ɗan lokacin, ko su kwana a tudu su riƙa fita da ku da rana. Ba a sayen gadaje shida saboda baƙin mako biyu. Krsto kuwa, ki ba shi cuku ki hana shi jirgi. Bayar da haya sana'a ce mai zaman kanta, da takardunta da ciwon kanta, ke kuma yanzu kika huta da jigilar mutane.

To, ku biyu, ɗaya an hana shi ɗaukar nauyi. Ma'anar wannan ita ce, a aikace ke kaɗai ce matuƙiya. Don haka ma'auninki ba ranar da teku ta kwanta ba ne. Ranar da bura, iskar arewa mai ƙarfi, ta sauko ba sallama, Vjeko yana kwance ba ya jin daɗi, ke kaɗai za ki rage ƙyallen, ki ta da inji, ki shigo tasha, ki ɗaure jirgi ba tare da kin daki na maƙwabci ba. Jirgin da za ki iya yi wa haka shi ne naki. Hannuwanki sun gaya miki wani abu ranar gwaji, ki saurare su.

Ba zan ƙi faɗin alherin Nediljka ba. Jirgi mai nauyi ya fi taushin tafiya a cikin igiyar ruwa, kuma ga doguwar tafiya hakan ba ƙaramin abu ba ne. Ana iya sa masa na'urar da ke sauƙaƙa jan igiya. Son da kike masa ma ba abin raini ba ne, domin jirgin da ba a so ruɓewa yake yi a tasha. Amma katako yana da haƙƙinsa. Sheƙin nan da ya ɗauke miki ido, gumin Barba Jerko ne na kowace shekara: kankara, gogewa, shafe, toshe kafa. Na riƙe jirgin katako shekaru masu yawa, na san yadda watannin da iska ta fi daɗi suke ƙarewa mutum yana durƙushe a ƙarƙashin jirgi da burushi. Akwai masu jin daɗin wannan aiki fiye da tafiyar kanta. Ke kuwa duk tsawon wasiƙarki ban ji inda kika yi mafarkin fenti ba. In kuma biya za ki riƙa yi a yi miki, da wane kuɗi, tunda sayen zai cinye kusan komai? Ko wane jirgi kika zaɓa, ki bar kaso mai kauri a gefe domin gyara, inshora da kuɗin tasha. Kuma Ljerka ta yi gaskiya a kan wurin ɗaurewa. Shi ake fara samu, sannan jirgi.

Wannan ba ya nufin ki rungumi na Vodice. Shi ma bai ci jarrabawa ba. Wurin tsayawa a yi girki da bayan gida mai ƙofa ba shagwaɓa ba ce. Mutumin da ke buga kai duk lokacin da ya shiga, bayan fita uku zai fara cewa ki je ke kaɗai. Kin matse kanki tsakanin jirage biyu kamar su kaɗai suka rage a gaɓar nan. Akwai na mita tara zuwa goma birjik, waɗanda mutum zai miƙe a ciki, mace ɗaya ta sarrafa su, kuma sun kai mutane Girka sun dawo da su. Ki auna wurin ɗan uwan Vjeko ki ga iyakar abin da zai ɗauka, ki fara nema daga nan. Duk wanda ya kwanta miki, kada ki ba da ko kafin alƙalami sai an ciro shi daga ruwa, wani masani da ke kika ɗauko shi, ba mai jirgin ba, ya duba ƙasansa da injinsa da sandar da ke riƙe ƙyallensa.

Mutumin Austriya fa? Wataƙila yana nan tafe, wataƙila kuma babu shi. Ba na zargin dattijon da komai. Amma gaggawar tasa ce, ba taki ba.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi. Mijinki ya ce zai bi ki, amma bai san inda za ki ba. Shi yana zaton Zlarin, ke kina nufin Girka. Ba daidai ba ne ya amince da tafiyar da ba a gaya masa tsawonta ba, kuma ba daidai ba ne ke ma ki binne burinki don kina tsoron fuskarsa. Ki zaunar da shi yau, ki shimfiɗa taswirar a kan teburi, ki gaya masa duka. Sannan ku je wurin likitansa tare, ku faɗi abin da ya faru ranar jugo ba tare da labarin kifin jiya ba, ku ji abin da zuciyar za ta iya ɗauka. Mai yiwuwa ya ba ki mamaki. Mai yiwuwa kuma ku tsara ta yadda ke da Ljerka za ku yi dogayen zangon, shi ya biyo ku a babban jirgin fasinja ya tarye ku a tsibiri da tukunyarsa. Wannan ma bin ki ne, ba jira ba. Kafin ku sayi komai, ku ɗauki hayar matsakaicin jirgi na mako guda, ku biyu rak, ku kwana a ciki, ku yi girki, ku yi faɗa, ku shirya. Abin da za ku koya a makon nan ya fi duk abin da zan rubuta miki.

Na san duk da haka zuciyarki tana Betina. To ki je ranar Asabar. Ki roƙi Barba Jerko ya fita da ku, amma da sharaɗi: ya zauna a baya ya harɗe hannuwa, kada ya taɓa igiya ko ɗaya. Ke ki fitar da jirgin, ki ɗaga ƙyallen, ki rage shi, ki sauke, ki dawo ki ɗaure. In kin yi duka kuma kin sauko kina son ki sake, ki ce masa ya ba ki lokaci ki nemi wurin ɗaurewa da mai dubawa. Mutumin da ke son jirginsa ya faɗa hannu nagari zai jira. In kuwa abin ya gagara, ki gode masa, ki sha kofinsa, ki yi kukanki a mota, ba laifi. Ranar Litinin ki fara neman naki.

Ni kusan kullum da hantsi ina zaune a bakin tashar jiragen Zlarin, sanye da wata tsohuwar hula shuɗiya. Ranar da kika shigo da jirginki, kada ki ɗaga mini hannu. Ki riƙe igiyarki da hannu biyu har sai kin ɗaure, sannan ki zo mu gaisa.

Allah ya ba ku iska mai daɗi da ruwa mai sauƙi, ya ƙara wa Vjeko lafiya, ya kai ku inda kuke so ya dawo da ku gida tare.

Naki,
Barba Dujam